Wa ya yanka gundumar Gwarzo? Zare a kan layukan da muke faɗa saboda su

1/ Hutun da ya wuce na je gida Sabon Birni, sai Inna, kakata, ta sa ni in nemo mata wata takarda a adakar marigayi kakanmu. Takardar dai ban gan ta ba, amma na ci karo da wasu 'yan rasiɗai sun yi jawur, an ɗaure su da zaren saƙa. Rasiɗan haraji ne. Su suka jawo wannan zaren. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni 🧵

2/ A jikin kowanne akwai sunansa, sunan garinsu, sunan gunduma, sai abin da ya biya. Na ce, "Inna, me ya sa Malam ya adana waɗannan kamar takardar gona?" Ta ce, "Ɗan nan, a zamanin in ka tafi kasuwa babu wannan a aljihunka, ba ka san inda za ka kwana ba."

3/ Abin da ya tsaya min a rai shi ne kalmar nan, gunduma. Har yau muna rubuta ta. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ya san hanyar: mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan sakatariya. Mun taso mun tarar, ba mu taɓa tambayar wa ya shata ta ba.

4/ Ra'ayina ke nan tun daga farko, don kada wani ya ce na ɓoye: garuruwanmu tsofaffi ne, sarautunmu tsofaffi ne, amma layin da ya ce nan gundumar wane ta tsaya, nan ta wane ta fara, bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba. Kuma don karɓar haraji aka ja shi. Bai kai mu riƙa zagin iyayen juna a kansa ba.

5/ Mu fara da yadda abin yake kafin Turawa. Hakiman Kano, irin su Madaki, Makama, Galadima, Wambai, Sarkin Bai, Sarkin Dawaki Mai Tuta, a cikin birni suke zaune, kusa da fada. Kowa yana da garuruwan da ke ƙarƙashinsa, amma a warwatse suke. Wani gari a gabas, wani a yamma, wani can kudu.

6/ Wato za ka iya samun ƙauyuka biyu suna jin kiran sallar juna, amma kowanne da ubangidansa daban a birni. Mai haɗa gari da hakimi shi ne jakada. Shi zai zo da saƙo, shi zai tafi da kuɗin ƙasa da zakka da sauran abin da aka tara.

7/ Ban da wannan akwai caffa. Mutum ya kai caffa ga wani babba, ya zama nasa, ko da a ƙasar wani yake noma. Fulani da yawa ta hannun shugabanninsu na dangi ake karɓar nasu. To ka ga tambayar a lokacin ita ce "kai mutumin wa ne?" Maganar "ta wane ɓangaren layi kake?" daga baya ta zo.

8/ Akwai kuma sarakunan da suke zaune a garuruwansu tun da can, da tamburansu: Rano, Gaya, Dutse, Birnin Kudu, da Karaye nan kusa da mu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Lugga ya naɗa Wambai Abbas sarki. Wannan duk mun karanta a firamare. Abin da ba a cika koya mana ba shi ne abin da ya faru shekara huɗu zuwa biyar bayan nan.

10/ Turawan 'yan kaɗan ne, ƙasar kuma ga faɗi ga jama'a. Gwamnatinsu ta Arewa ba ta iya riƙe kanta, sai an turo tallafi daga Landan. Suna son haraji, kuma suna son su san wa za su riƙe in kuɗi bai cika ba. Tsarin garuruwa a warwatse da jakadu barkatai bai yi musu ba sam.

11/ Razdan na Kano a lokacin wani likita ne, Dakta Cargill. Wajen 1907 zuwa 1908 ya tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna, ya yanka ƙasar Kano gunduwa-gunduwa, kowane yanki hakimi ɗaya. Aka ce hakimai su bar birni su koma ƙauye su zauna. Jakadu kuma aka ce an sallame su.

12/ Kun san laƙabin da Kanawa suka sa masa? Mai Gunduma. Ku tuna yadda muke cewa "an gunduma masa nama". Kalmar da muke cike fom da ita yau, kakanninmu sun zaɓe ta ne don sun ga ana yanka ƙasa kamar yadda mahauci ke yi a kan tebur. Ni dai ranar da na gane haka na daɗe ina dariya ni kaɗai a laburare.

13/ Abin bai tafi salin-alin ba. Sarki Abbas bai so ba, don an raba shi da manyan fadawansa. Rikici ya yi zafi har Cargill ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya naɗa shi Waziri a 1908. Da Temple ya karɓi Kano a 1909 ya warware wannan naɗin. Gundumomin kuwa bai taɓa su ba, sun zauna.

14/ Daga nan hakimci ya zama aikin ƙauye, ana tura mutum ana ɗauke shi kamar ma'aikaci. Sarki Abdullahi Bayero kansa sai da ya zauna Bichi yana Ciroma kafin ya hau gado a 1926. A nan Gwarzo dattawa har yau suna ambaton Sarkin Dawaki Mai Tuta Bello Dandago, wanda sunansa ma na wata unguwa ce a cikin birni.

15/ To daga ina Turawa suka samo wannan tunanin? Bari mu leƙa gidansu. Tun wajen ƙarni na 10 Ingila a rabe take zuwa larduna da suke kira shire. Kowane lardi kuma an raba shi zuwa ƙananan yankuna masu suna hundred, wato "ɗari". Ana danganta sunan da yankin da ya kai gonakin da za su ciyar da gida ɗari.

16/ Kowace "ɗari" tana da wurin zaman shari'arta, ta nan ake raba wa mutane haraji, ta nan ake neman ɓarawo. A ƙarƙashinta akwai rukunin gidaje goma-goma masu lamunin juna. In an yi fashi a yankinku ba ku fito da mai laifi ba, ku duka za ku biya. Kun ji kama da wani abu?

17/ Su ma an taɓa cin su da yaƙi. William na Nomandi ya ci Ingila a 1066. Bayan shekara ashirin, a 1086, ya tura mutane lardi-lardi, ɗari-ɗari, suna rubuta wa ke da wace gona, garma nawa, dabbobi nawa. Littafin ana kiransa Domesday, yana nan har yau. Wanda ya ci ƙasa, abu na farko da yake nema shi ne lissafinta.

18/ Da suka fara mamayar wasu, sai suka tafi da tsarin. Dokokin 1535 da 1542 sun shimfiɗa shi a kan Wales, wadda take da nata rabe-raben tun asali. A Bajiniya ta Amurka akwai Bermuda Hundred tun 1613. Jihar Delaware har yanzu da sunayen "ɗari" ake bayyana inda fili yake a takardun mallaka. Haka ma Kudancin Ostareliya.

19/ A Ostareliya abin ya fi muni. Masu safiyo suka riƙa zana "ɗari" mai faɗin kimanin murabba'in mil 100 a kan ƙasar mutanen asali, ana yankawa ana sayar wa baƙi, kamar ba kowa a wurin. Mu nan ba a kawo Turawa manoma an zaunar ba. Mutanen da amfanin gonarsu ake so a ƙirga.

20/ Kada a fahimce ni ba daidai ba. Cargill bai kira gundumar Gwarzo "ɗari" ba, kuma Turawan mulki sun fi koyon sana'arsu a Indiya, inda aka haifi shi kansa Lugga. Amma tunanin ɗaya ne: kowace ƙasa layi ɗaya, shugaba ɗaya, littafin haraji ɗaya. Lardi da Razdan, yanki da Di'o, gunduma da hakimi, gari da dagaci, unguwa da mai unguwa.

21/ Abin ban dariya, a gidansu sun daina aiki da nasu. Tun ƙarni na 19 ayyukan "ɗari" suka riƙa komawa wasu hukumomi, dokar 1894 ta kawo sababbin majalisun yanki. Abin da ya saura sai irin Chiltern Hundreds: ɗan majalisar da ke son ajiye kujera sai a naɗa shi wakilin wurin. Sarauta ce ba talakawa ba albashin kirki 😂

22/ Mu dawo gida. Me gunduma ta zame wa talaka? Na farko, awo. Aka fito da malaman taki, suna bin gonaki suna aunawa da taku, musamman a gundumomin da ke kewaye da birni. Aka riƙa ƙirga mutane da shanu. Tsofaffin kuɗaɗe irin su kuɗin ƙasa da kuɗin shuka aka dunƙule su, makiyayi kuma jangali.

23/ Na biyu, kuɗin da ake karɓa ya canza. Wuri ya tafi, sai sule da kwabo na Bature. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kasuwar gyaɗa ta buɗe. Manomin da ke bin bashin haraji a kansa dole ya ware wani ɓangaren gonar gero ya shuka gyaɗa ko auduga. Dalar gyaɗar da muke sa hotonta muna alfahari, akwai wannan rasit ɗin a ƙarƙashinta.

24/ Na uku, hakimi ya matso kusa. Da yana birni, sau ɗaya ko biyu a shekara ake ganin jakadansa. Yanzu ga shi a gari da dawakai da barori da dogarai, duk sai an ciyar. Ga aikin hanya, ga gyaran bariki in Di'o zai zo rangadi. Inna ta ce in an ga ƙura daga nesa, kaji ake fara ɓoyewa.

25/ Ta kuma ba ni labarin wani ƙanen kakanmu. Shekarar da damina ta gaza, da lokacin haraji ya ƙarato sai ya kwashe iyalinsa da dare ya tsallaka ƙasar Katsina wajen dangin matarsa. Bai dawo ba. Jikokinsa yau Katsinawa ne a takarda, mu Kanawa. A Facebook ma ɗaya daga cikinsu yana tsokanata da "ku Kanawa".

26/ Kuma ko wannan babban layin bai zauna wuri ɗaya ba. Masarautar Katsina a cikin Lardin Kano Turawa suka fara sa ta. A 1926 aka mayar da ita Lardin Zariya, a 1934 ta zama lardin kanta. Mutanen Dayi da Malumfashi ba su motsa ko taku ɗaya ba, taswira ce take yawo a kansu.

27/ Yanzu na san wani zai zo ƙasan nan ya ce, "Wato kana nufin Turawa ne suka ƙirƙiro sarauta?" A'a, ɗan'uwa. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Dabo ya hau a 1819. Getso da Godiya da Karaye sun girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Sarautar tamu ce. Abin da aka canza shi ne aikinta da iyakarta.

28/ Wani kuma zai ce, "To a koma tsarin da." Shi ma a'a. Tsarin da akwai bauta a cikinsa, akwai rinji, akwai jakadan da zai karɓi goma ya kai biyar. Kafa Baitulmali da sa wa hakimai albashi ya rage wasu hannayen da ke tsakani. Gaskiya ɗaya ce, ko ta yi wa hujjata daɗi ko ba ta yi ba.

29/ Amma ku lura da wanda aka gina tsarin don ya gamsar. Hakimi yana kallon sarki, sarki yana kallon Razdan, Razdan yana kallon Kaduna. Hakimin da harajinsa bai cika ba ana iya tuɓe shi. Babu wata ƙofa da aka bar wa talaka ya ce nasa shugaban bai yi masa aiki ba. Duk idanu sama suke kallo.

30/ Wannan ne ya haifi NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano da mutanensa da En'e suka yi ta fama, da kotunanta da 'yan dokarta, kuma da yawansu sun sha ɗauri. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Rasiɗan adakar Malam daga wajen nan suka tsaya.

31/ Haraji ya tafi, layin bai tafi ba. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, kuma akasari kan tsofaffin gundumomi aka ɗora su, daga baya aka yi ta tsaga su. Jigawa ta fita a 1991. Yau muna da 44. Gwarzo tana da mazaɓu goma, Sabon Birni ɗaya ce a ciki, Kabo ma goma.

32/ Mahaifiyata 'yar ɓangaren Kabo ce. Kasuwa ɗaya muke ci da kawunnaina, maƙabarta ma wasu tamu ɗaya ce. Amma ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, ni da ɗan kawuna layi daban-daban muke bi, kowa yana ƙirga ɗayan a matsayin wanda zai cinye masa kaso. Nan ne abin ya fara ba ni tsoro.

33/ Sai kuma maganar masarautu. Ku dubi shekarun nan kawai. Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. A 2019 gwamnatin Ganduje ta kafa Bichi, Gaya, Karaye da Rano, mu Gwarzo da Kabo muka wayi gari a ƙarƙashin Karaye.

34/ A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, muka koma Kano. A watan Yuli aka dawo da Karaye a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai. Cikin shekara biyar an canza mana masarauta sau biyu. Ni dai ba wanda ya zo Sabon Birni ya tambaye mu, a karon farko ko na biyu.

35/ Ba zan shiga maganar wane sarki ne halastacce ba, wannan an kai ta kotu. Kuma ina girmama mutumin Karaye da ke cewa sarautarsu ta daɗe da tambarinta, ina girmama Bakanon da ke cewa kada a farfasa gidan Dabo. Kowannensu yana da tarihin da zai dafa.

36/ Abin da ba na yarda da shi shi ne mu matasa mu riƙa magana kamar taswirar da muka fi so daga sama ta sauko. Na ga abokai biyu 'yan ajinmu sun daina gaisawa a kan wannan. Duk su biyun kuwa a mota ɗaya suke bin titin Gwarzo zuwa gida, kuma duk su biyun in rashin lafiya ta yi tsanani cikin dare birni ake nufa da nasu.

37/ Tunda mutum ne ya ja layi, ana iya tambayarsa amfaninsa. Ga ma'aunina: wannan iyakar ta kusantar da mai ƙara ga inda za a saurare shi? In an yi rikicin gona ko na burtali tsakanin manomi da makiyayi, ta sa an sasanta da wuri? In shugaban bai yi aiki ba, na ƙasa yana da yadda zai yi da shi?

38/ Kuma in gaskiya za mu faɗa, layin da kuɗi ke bi yau shi ne na ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. A cikinmu masu zafin muhawarar rawani, mutum nawa ne ya san sunan kansilansa? Nawa ne ya taɓa tambayar abin da ya shigo wata ɗaya?

39/ Sai gona. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, dokar 1978 ta sa ta kowace jiha a hannun gwamnanta, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidarsa. Amma gonakin gidajenmu da yawa shaidarsu tana bakin dattawa ne kawai: daga kukar nan zuwa gamba. Dattawan kuwa tafiya suke yi.

40/ Don haka ga ɗan aikin hutu ga duk ɗalibin da ya karanta har nan. Ka zauna da kakarka ko wani tsoho a garinku, ka kunna rikodar waya. Tambaye shi wa garinku yake bi kafin hakimi ya zo, ina ake kai haraji, su wa suka gudu, ina iyakar gonarku. Ka ɗauki hoton duk wata tsohuwar takarda.

41/ Masu son zurfafawa, rahotannin awon gundumomi da Turawan suka rubuta suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Kano. Littafin Adamu Fika a kan yaƙin basasar Kano da mulkin Turawa shi ya fara buɗe min ido. Amma ku karanta rahoton Di'o da sanin cewa mai karɓar haraji ne ya rubuta.

42/ Rasiɗan na mayar da su adaka, na ɗaure da zarensu. Inna ta ce kada in kuskura in tafi da su makaranta, don ba ta yarda da ɗakin kwanan ɗalibai ba 😅 Hotonsu dai yana wayata.

43/ 'Yan Getso, Lakwaya, Kutama, Garo, Gude, Durun da sauran maƙwabta, ku faɗa mana abin da tsofaffinku suka ce. In na yi kuskure a wani wuri ku gyara min da hujja, ɗalibi ne ni. Zagi dai ba na amsawa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu shugabanni masu tausayin na ƙasa. 🙏🏾